Giwan ruwan Baffa da gubar da hanci ba ya ji

Ranar da Baffa ya kawo mana giwan ruwan nan, sai da yara biyu suka kama masa kafin a sauke shi daga bayan mota. Tun daga Rusairis ya taho da shi cikin buhu da ƙanƙara. An taya a Damazin, an taya a Sinja, ya ƙi sallamawa, don ya ji labarin iyalina ta yi nauyi. A gidanmu tun zamanin kakanni babban kifi na mai ciki ne da mai jego, namiji in ya samu kai da ƙaya sai ya gode Allah.

Na yi godiya, na sa albarka, sannan na yi abin da har yau Inna ba ta gama yafe mini ba. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara arziki. Amma da za a samo mata karfasa, wannan kuma mu maza mu ji da shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ustaz, yau kuma a wane littafin ka gano giwan ruwa ya haramta?"

Sai ya tsuguna ya ɗaga murfin kunnen kifin, ciki ja wur. Ya nuna mini idon, garau. Ya danna tsokar da yatsa, ta dawo yadda take. Ya ce shekara arba'in yana su, daga nan Mai Wurno zuwa Jabal Auliya har Wadi Halfa, bai taɓa ba ɗan wani ruɓaɓɓen kifi ba, balle surukarsa. Kuma gaskiya ya faɗa. In dai maganar kifin da ya kwana ne, ko wanda ya sha rana, babu wani likita a Hartum da zai koya wa Baffa komai. Sai dai abin da nake tsoro ba ya sa idon kifi ya dushe, ba ya wari, ba ya canza ɗanɗano. A soya, a gasa, a banda, a zuba gishiri a yi fasih, yana nan daram.

Akwai wasu sinadarai da in suka shiga ruwa ba su narkewa su ɓace kamar sabulu, ba su ruɓewa kamar ganye. Zaiba na cikinsu. Ita ƙarfe ce, ba ta da wata hanyar lalacewa ko da za a yi shekara dubu. Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da dildirin da gamalin su ma suna ciki, suna iya yin gomman shekaru a laka da ƙasa. Akwai kuma man da ake zuba wa tsofaffin taransfoma mai ɗauke da PCB. Duk halinsu ɗaya ne: in sun shiga jikin mai rai, shigarsu ta fi fitarsu sauri.

Daga nan ne lissafin ke juye wa al'adarmu. A cikin ruwan kansa gubar kan kasance kaɗan ƙwarai, har mutum ya sha bai ji komai ba. Gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani su zuƙe ta. Ƙananan kifaye su yi ta cin waɗannan kullum, abincin ya narke, gubar ta zauna. Tsage da ragon ruwa su haɗiye ƙananan kifayen nan ɗaruruwa, kowanne da guzurinsa. Giwan ruwa kuwa, da yawancin abincinsa kifi ne, yana iya yin shekara goma ko fiye yana tara gadon duk wanda ya haɗiya. Girman nan da ke sa mu yi kabbara in an fito da shi, shi ne shaidar yawan shekarun da ya yi yana tarawa. Mu kuma sai mu ɗauki wanda ya fi kowa tarawa mu ba wadda ta fi kowa rauni a gidan, da ɗan da ke cikinta wanda ƙwaƙwalwarsa ke kan haɗuwa.

Wannan ba hasashe ba ne, an auna an gani. A wani tafki da ke Kalifoniya ta Amurka, mai suna Clear Lake, an zuba wani ɗan'uwan DDT da ake kira DDD a 1949 da 1954 da 1957 don a kashe wasu ƙananan ƙudaje masu damun jama'a. Abin da aka zuba bai kai ya taka kara ya karya ba in an kwatanta da yawan ruwan. Ba a jima ba sai tsuntsaye masu nutso su kamo kifi suka riƙa mutuwa. Da aka auna kitsensu, sai aka tarar maganin ya ninka abin da ke cikin ruwan har kusan sau 80,000. A wasu wuraren kuma DDT bai kashe tsuntsun ba, ɓawon ƙwansa ya mayar sirara, uwa ta kwanta a kai ya fashe, zuri'ar mikiyoyi masu cin kifi ta yi ta raguwa a hankali ba tare da an ga gawa ba.

To mu a Sudan ina muka tsaya a wannan labarin? Mu ne ma muke tsakiyarsa, kuma Hausawa sun fi kowa sanin haka, ko da ba su san sunan maganin ba. An gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe aikin noman Jazira, gonar auduga mai faɗin fadan (kimanin eka) sama da miliyan biyu in an haɗa da Manakil. Tun shekarun 1940 ake feshin DDT a wannan auduga, daga baya jiragen sama suka karɓi aikin, wasu magungunan suka biyo baya, har da endosulfan, wanda yana cikin magungunan gona mafiya saurin kashe kifi. Su wa ke tsintar audugar? Su wa ke kwana a kambo, sansanin 'yan ƙwadago, a bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, su sha ruwanta, su yi wanki da ita, su kafa ƙugiya a cikinta? Mutanenmu ne da 'yan'uwanmu na yamma. Inna ta sha ba mu labarin lokacin da suke zuwa tsintar auduga tana budurwa. In jirgi ya wuce da safe, zuwa la'asar kifi ya taso saman ruwa ciki sama, yara su bi da kwanduna suna murna. A ce yau Allah ya kawo miya. Har yanzu da dariya take ba da labarin, ni kuwa in ta fara sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Masu binciken Sudan ba su yi barci a kan wannan ba. Tun shekarun 1970 suka auna kifi da tsuntsayen Jazira suka samu ragowar DDT, suka kuma same ta a kifin tafkin Nuba, can iyakar Masar, inda ba a noman auduga ko kusa. Ruwa ne ya kai ta. A Hasahisa akwai wurin da aka binne tsofaffin magungunan feshi da suka lalace a rumbu, mutanen garin sun daɗe suna kuka da shi. Duniya ta taru a Stockholm a 2001 ta ƙulla yarjejeniyar kawar da irin waɗannan sinadarai, aka fara da guda 12, aka ƙara gamalin a 2009, endosulfan a 2011. Amma sa hannu a takarda ba ya tono abin da ya riga ya kwanta a laka. Kakarmu ta yi aiki a gonar da aka fesa, jikarta kuma tana cin tarwaɗar da ke kiwo a ƙasan ruwan da ya wanke gonar.

Wancan tsohon bashi ne. Sabon da muke ci yanzu, kuma muke ƙara shi kullum, shi ne na zinariya. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, ƙasa ta juya ga zinariya, samari suka bazama jeji. Babu unguwar Hausawa a Sinnar ko Gadarif ko Kasala da ba ta da ɗanta a cikin dahhaba, wato masu haƙar zinariya, wani a Abu Hamad, wani a kasuwar Abidiya, wani a duwatsun Kurmuk da Gaisan da ke saman ruwanmu. Na ga aikin da idona. A niƙa dutse a injin, a zuba ruwa, a zuba zaiba, yaro ya sa hannu tsirara yana cuɗawa har ta kame zinariyar. A tace da ƙyalle, a ɗora dunƙulen a kan wuta. Zaibar ta tashi hayaƙi, zinariya ta rage a cokali. Wanda ke riƙe da cokalin ya shaƙi rabonsa, sauran iska ta ɗauka, ruwan sama ya sauko da ita inda ya ga dama. Wadda ta tsere cikin ruwan wankin kuma ta zauna a tarin ƙasar da ake kira karta, tana jiran damina ta zo kwari ya cika ya kwashe ta zuwa kogi. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan haƙar ta hannu ita ce kan gaba wajen zaibar da ɗan Adam ke saki a iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Sai kuma kamfanoni su sayi kartar su zuba mata sayanayid don su tatse zinariyar da ta rage. Shi sayanayid mai gaggawa ne, yana kashe kifi da dabba nan take, amma rana da iska suna lalata shi. Mugun aikinsa shi ne in ya haɗu da zaibar da ke cikin karta, yakan narkar da ita ta bi ruwa cikin sauƙi. Mutanen Talodi sun yi ta zanga-zanga a kan wannan, har gwamnatin riƙon ƙwarya ta ba da umarni a 2019 a daina amfani da zaiba da sayanayid a haƙar zinariya. Duk wanda ɗansa ya dawo daga jeji bayan wannan shekarar ya tambaye shi da me suke kama zinariya. Zai yi dariya.

Zaibar da ta isa kogi ba ta tsayawa a kamanninta na farin ƙarfe mai gudu a tafin hannu. A cikin laka, inda babu iska, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya ta zuwa wani nau'i da masana ke kira metilmakuri. Wannan ce ke shiga tsokar kifi ta manne, shi ya sa yanke kitse ko feɗe fata ba ya raba ka da ita. In mai ciki ta ci, tana ratsa mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Garin Minamata na Japan shi ya koya wa duniya wannan karatu da tsada. Wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da ruwan datti a gaɓar tekunsu. Kyanwoyi suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa. A 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu da ƙafa da leɓe su mutu, gani ya ƙuntata kamar mai leƙe ta bututu, tafiya ta zama tangaɗi, harshe ya karye. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matan da ba su ji ciwon komai ba, amma suka haifi 'ya'ya da nakasar ƙwaƙwalwa. Jikin uwa ya jure, na ɗan bai jure ba. A 1965 cutar ta sake ɓulla a Niigata, wannan karon ta kifin kogi ne, irin namu.

Na san ba a taɓa ganin irin Minamata a bakin Nilu ba, kuma ba na fatan a gani. Amma guba ba sai ta kwantar da gari take aiki ba. In ta yi kaɗan, abin da take ɗauka shi ne ɗan kaifin fahimta, ɗan saurin magana, ɗan riƙon karatu. Ni malamin makaranta ne. Yaron da ya kasa riƙe darasi, mu ce daƙiƙi ne, ko mu ce gado ne, ko mu ce an yi masa baki. Wa zai kawo miyar kifi a ransa? Ko a Zamfara a 2010, sai da yara sama da 400 suka rasu kafin kowa ya yarda cewa dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida ce sanadi.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa jin an yi maganarsa a kwata ba. Duk inda aka datse kogi ruwa ya mamaye daji da gonaki, ciyayi da itatuwan da suka nutse suna ruɓewa, wannan ruɓar kuwa abinci ce ga bakteriyar nan mai juya zaiba. A Kanada da Finlan an ga zaibar kifi ta ninka bayan cika sababbin madatsu, kuma a wasu sai da aka yi shekara ashirin zuwa talatin kafin ta koma yadda take. Mu kuwa mun cika madatsar Marawi a 2009, mun ƙara wa ta Rusairis tsayin mita 10 a 2013 ruwa ya ci ƙauyuka da dazuzzuka, sannan Habasha ta fara cika babbar madatsarta dab da iyakarmu a 2020. An yi ta muhawara a kan rabon ruwa da wutar lantarki da ambaliya. Kifin da ke cikin ruwan, wanda dubban gidaje ke ci safe da dare, shi ma ya cancanci a sa shi a ma'auni.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya zo ya ƙara gishiri a miki. Matatar mai ta Jaili ta ci wuta, masana'antun Bahri sun ƙone, ɓarayin jan ƙarfe sun farfasa taransfomomi ba adadi sun zubar da mansu a ƙasa. Damina ba ta zaɓe, duk abin da ta tarar sai ta kai shi kogi. Ɗakunan binciken Wad Madani, waɗanda su ne za su auna mana, su ma sun sha ɓarna.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon talaka ne kaɗai. A Amurka, inda kayan awo ya yi musu yawa, wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna cewa cin kifin kogi ko tafki sau ɗaya tak na iya daidai da shan ruwa mai ɗauke da sinadarin PFOS na tsawon wata guda. Wannan dangin sinadarai, da ake sa wa kumfar kashe gobara da tukwanen da abinci ba ya kamawa, su ma ba su lalacewa. Bambancinmu da su, can akan kafa allo a bakin ruwa a ce kifi kaza kada mai ciki ta ci, kifi kaza sau ɗaya a wata. Ni tun da nake zuwa bakin ruwa, daga Sinnar har Kosti, ban taɓa ganin irin wannan allon ba.

Wani abokina da na yi wa wannan bayanin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ka ƙoshi ne. Mutanen da suka gudo daga Sinja da Dindir da ƙafa, suka yi wata da watanni ba su ga nama ba, kwalara na bin su, su za ka tsorata da abin da zai faru bayan shekara ashirin?" Ban ji haushinsa ba, don yana da gaskiya babba. A wannan yaƙin kogi ya rufa wa mutane asiri fiye da kowace ƙungiyar agaji. Yunwa ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ta fi zaiba sauri. Kifi yana da mai da sinadaran gina jiki da ɗan tayi ke buƙata, wanda gidan talaka ba shi da abin da zai maye gurbinsu. Duk wanda ya tashi ya ce wa mutanenmu su bar cin kifi ya cuce su, ni ma ba zan bi shi ba.

Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi, kuma ba ya cin ko fam ɗaya. A juya rabon. Karfasa, wadda Larabawa ke kira bulti, gansakuka take ci, tana ƙasan tsanin nan na babba ya ci ƙarami, kuma ba ta daɗewa kafin a kama ta. Ita da kawara da sauran ƙananan kifaye su ne na mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da ma budurwar da aka sa wa rana, tunda jiki kan ɗauki kusan wata biyu kafin ya fitar da rabin zaibar da ya tara, DDT kuwa shekaru take yi a kitse, ta fita ta nono. Manyan masu farauta, giwan ruwa da babban ragon ruwa da tsage, a bar wa manyan maza da tsofaffi, su ma ba kullum ba. Tarwaɗa mai kitse, musamman ta tur'ar gona, a feɗe fatar, a yanke kitsen ciki, a zubar da hanta da kayan ciki, a gasa man ya tsiyaye, wannan yana rage magungunan feshi ko da bai taɓa zaiba ba. Kajaik da banda kuwa a tuna ruwa ne kaɗai ya fita daga jikinsu, abin da ke ciki yana ciki. Kifin da aka tsinta yana yawo ciki sama bayan feshi, wannan ko kare kada a ba.

Na fahimci abin da ya ɓata wa Baffa rai, kuma ba maganar lafiya ba ce. Giwan ruwa shi ne kuɗin masunci. Shi ke tafiya Hartum da Madani, shi otal ke saye, guda ɗaya ya fi kwandon karfasa. In magana ta fita cewa akwai guba a jikinsa, dillali zai karya farashi tun kafin a gama faɗa. Saboda haka masunta ke ganin shiru ya fi. A ganina shirun nan shi ne zai kai su ya baro. A Kanada akwai wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar, a wani wuri da ake kira Grassy Narrows, masunta ne kamar mu, kifi ne abincinsu, kifi ne sana'arsu. Daga 1962 zuwa 1970 wata masana'anta da ke saman kogin Wabigoon ta zubar da zaiba kimanin tan 9 a ruwan. Ba su ne suka zuba ba, ba su ci ribar ko kwabo ba. Da abin ya fito fili a 1970, gwamnati ta rufe kamun kifin sayarwa dare ɗaya. Suka wayi gari ba sana'a, ga guba a jiki. Likitocin Japan da suka yi aikin Minamata sun je sun ga alamun cutar a jikinsu, kuma fiye da shekara hamsin bayan nan jikokinsu na fama. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mai saye a Hartum in ya ji tsoro zai koma ga kaza. Masunci, da ke cin kifi sau biyu a rana tun yana rarrafe, ina zai koma?

Shi ya sa nake ganin masunta ne ya kamata su riga kowa ɗaga murya a auna, tun ana iya cewa tafki kaza lafiya lau, kifi kaza lafiya lau, wannan kaɗai a yi hattara da shi. Awo yana iya wanke kifinmu ya ƙara masa daraja, jita-jita kuwa in ta tashi ba ta bambanta karfasa da giwan ruwa. Aikin ma ba gagara-badau ba ne. Ɗan yankin tsoka daga manyan kifayen Rusairis da Sinnar da Jabal Auliya da Hashmul Girba da Marawi da tafkin Nuba, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ɗan gashin kai daga matan ƙauyukan masunta, don zaiba tana bayyana a gashi, ba sai an ɗebi jini ba. Jami'o'in Jazira da Sinnar da Hartum suna da mutanen da suka san aikin, kayan aiki ne za a mayar musu. Sakamakon kuma kada ya tsaya a takardar turanci. A faɗe shi da Larabci da Hausa, a rediyo, a kwata, a bakin ungozoma. Kuɗin kuwa a cire daga zinariyar. Wanda ya zuba shi ya kamata ya biya awon. A kasuwannin niƙa kuma a tilasta ƙona zaiba cikin rufaffiyar tukunya mai bututu, wadda ke kama hayaƙin ya koma ruwan zaiba a sake amfani da shi. Maƙeri na iya ƙera ta, kuma riba ce ga mai haƙar kansa.

Sai dai kafin mu nuna wa mai zinariya yatsa, mu duba hannunmu. Kakanninmu in za su yi su da magani, majimfa suke dakawa, ganye ne, kifi ya bugu, ruwa ya wuce da shi, kwana kaɗan komai ya koma daidai. Yau akwai wanda zai sayi kwalbar maganin feshi ya tsiyaya a gurbi da dare, da asuba ya kwashe, babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗo duk ya kashe, ya kai kasuwa. Mun san su, wasu ma da su muke sallah. Akwai mai yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada tsutsa ta ci masa jari. Akwai mai wanke famfon feshi a tur'a, da uwar gidan da ke ɗiban ruwan sha da jarkar magani don wai an wanke ta da omo. Waɗannan ba sai gwamnati ta zo ba. A da sarkin ruwa in ya ce an rufe gurbi, an rufe, wanda ya karya ya ga tara da kunya. Ban ga abin da zai hana shugabannin masunta da limamai su dawo da wannan a kan mai su da guba ba, su ƙi sayen kifinsa, su ƙi shiga kwalekwale ɗaya da shi.

Shi dai giwan ruwan Baffa an ci shi. Aka raba wa maƙwabta, maza suka yi kwana biyu suna santi. Inna ta yanko tsoka mai kyau ta kai wa surukarta da hannunta, ta ce ba za a ci abu mai ciki tana kallo ba, kada yaro ya fito da tabon kwaɗayi. Ban hana ba, ci ɗaya ba ya komai, sabo ne abin gudu.

Bayan mako uku Baffa ya sake zuwa, wannan karon da kwandon karfasa. Ya ce kada in ɗauka maganata ya ji, giwan ruwa ne ya yi wuya ruwa ya ja baya. Da zai tafi ya kira ni ƙofar gida, ya rage murya, ya ce, "Ustaz, abin nan naka, a gida ka faɗa mun ji. Kada ka sake ka yi shi a kwata gaban dillalai."

Na ce, "To, Baffa." Ban gaya masa zan rubuta ba.